Dutsen Bagazam na Ƙasar Azbin: Ina Yake, Yaya Hanyarsa Take?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito daga wani mai sauraronmu a ƙasar Gaya, manomi, wanda ya ce da rani yakan taɓa sayar da gishirin dabbobi a kasuwannin ƙauye. Bayan gaisuwa ya ce tun yana yaro yake jin dattawa in sun ga ingarman doki sai su ce, "Wannan ai Bagazam ne." To da kakar da ta wuce waɗansu Buzaye masu raƙuma suka sauka a gonarsa, da hira ta yi hira sai babbansu ya ce masa Bagazam sunan dutsen ƙasarsu ne, kuma wai ba a taɓa cin dutsen nan da yaƙi ba saboda munin hanyarsa. Shi ne yake so a gaya masa ko gaskiya ne, da inda dutsen yake, da yadda ake hawansa. Wani kuma daga Ajingi ya tambayi ta inda kantu yake biyowa kafin ya iso kasuwar Maigatari. Mun haɗa tambayoyin biyu domin amsarsu hanya ɗaya ta bi.

AMSA: To malam, baƙonka ya faɗi gaskiya a kan suna, amma maganar ba a taɓa cin dutsen ba tana bukatar ɗan gyara, za mu zo kanta.

Bagazam dai yana cikin Jamhuriyar Nijar, a jihar Agadas, cikin jerin duwatsun da mu Hausawa muke kira Azbin ko Abzin, su kuma masu ƙasar suke kira Ayar. Da a ce za ka tsaya a bakin kasuwar Gaya ka fuskanci arewa sak, ka yi ta tafiya ba ka karkata ba, to bayan kilomita kamar 650, watau mil 400, da shi za ka yi karo. Daga birnin Agadas kuwa yana arewa maso gabas, kilomita 100 da 'yan kai.

Kada ka ɗauka dutse ne guda irin Dala ko Gwauron Dutse. Wani makeken tudun duwatsu ne, tsawonsa ya kai kilomita 40, faɗinsa 20, gefensa a tsaye kamar ganuwa, a samansa kuwa akwai fili da kwaruruwa da ƙauyuka. Kamar dai an ɗaga ƙasar wani hakimi ɗungurungum an aza ta a kan soro. Ƙololuwarsa, wadda suke kira Idukal-n-Tagas, mita 2,022 ce daga saman teku, ƙafa 6,600 da ɗoriya ke nan, kuma duk Nijar babu inda ya kai ta. Dalan da tarihi ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, suka je gindinsa neman tama, mita 534 ne a wannan ma'auni, kuma mafi yawan wannan ma tsayin ƙasar Kano ce kanta, ba na dutsen ba. Mu nan Nijeriya muna da wanda ya fi Bagazam, watau Cappal Waddi na jihar Taraba mai mita 2,419, amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu sai hanya. A zamanin ayari, mai zuwa can daga ƙasar Kano yakan bi ta Daura ko ta Gumel ya faɗa Damagaram, daga nan sai Damargu, wajen Tanut. Damargu ita ce ƙarshen ƙasar gero. A nan ake cika taiki, domin gaba babu sauran rumbu. Sai a shiga dajin Tagama, fili fetal sai ƙaya da karangiya, rijiyoyi nesa da juna kuma da zurfin tsiya, irin ta Adarbisanat. Wanda ya kuskure rijiya ɗaya, to sai dai wani ikon Allah. Bayan an gangara gaɓar Tigidit sai Agadas, ko kuma a ratse gabas da ita a nufi duwatsu kai tsaye.

Cikin duwatsun Azbin hanya ba ta da zaɓi, sai ta bi abin da mutanen Nijar ke kira kori, watau busasshiyar ƙorama mai rairayi, da goruba da bagaruwa a gefenta. Da rani kori ita ce titi, ita ce inuwa, a cikinta ake tona ruwan sha. Amma daga watan Yuli zuwa Satumba ita ce ajali. Sai a yi ruwa can kan dutse inda ko hadarin ba ka gani ba, kai kana ƙasa rana na dukanka, sai kawai ka ji rugugi, ruwa ya taho da itace da duwatsu. Shi ya sa Ba'azbine ba ya kwana a tsakiyar kori da damina, komai laushin rairayinta. Ko birnin Agadas kansa ruwan korin Telwa ya rushe masa gidaje masu yawa a watan Satumba na 2009.

In ka iso gindin Bagazam, a nan ne raƙumin fili yake sanin ya zo ƙasar da ba tasa ba. Gefen dutsen ya tashi sama da mita 500 a wurare da dama, a da ba a hawansa sai ta 'yan tsagogi ƙidayayyu inda ruwa ya ɓarke dutse tun zamanin da. Cikin tsagin hanyar ƙafa ce mai kwana-kwana a tsakanin manyan baƙaƙen duwatsu, wani wurin dabba biyu ba sa giftawa, wani wurin sai an sauke kaya an ɗauka a ka an wuce da shi, sa'an nan a jawo dabbar. Tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Tafin raƙumi da ya saba da rairayi sai ya tsattsage. Mai ƙarfi da ya yi sammako yakan kai sama kafin azahar, amma kai wa sama ba kai wa ƙololuwa ba ne, da sauran tafiya a kan tudun cikin duwatsu. Da rana dutse ya yi zafi kamar tanda, da dare kuwa a watan Disamba da Janairu sanyin can ya fi ƙarfin hunturun da muka sani, har ruwa kan yi ƙanƙara a wani daren.

Ga abin dariya a nan. Dutsen da ya ba doki suna ba wurin doki ba ne. Dokin Azbin da ake kira Bagazam ya yi suna wajen sarakuna saboda gudu da jimirin ƙishirwa, Azbinawa ma suna da labarai iri-iri a kansa, har da cewa da nonon raƙumi ake renonsa. Amma sarkin wannan hanya jaki ne. A da shi ne yake hawa da gero da shayi da sukari, shi yake sauka da abin da aka noma.

To me ya kai mutane zama a irin wannan wuri? Ruwa. A saman Bagazam akwai idanun ruwa da ba sa ƙafewa, abin da ya yi wuya a duk yankin. Inda ruwa yake kuwa ga lambu: alkama, masara, albasa, tafarnuwa, da dabino da lemun tsami. Zaman ya daɗe, kangayen tsofaffin gidajen dutse na nan a warwatse. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya rubuta cikin Infaƙul Maisuri cewa Gobirawa ne a ƙasar Azbin kafin Azbinawa su karɓe ta. Ka ga ke nan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe.

Wuri mai ruwa da abinci a sama, da ƙofa ƙunƙuntacciya a ƙasa, ai ka san mafaka ce. Labarin da baƙonka yake tunani, ga dukkan alamu, shi ne na yaƙinsu da Barno. Masu ba da tarihin baka na Azbin sun ce akwai lokacin da rundunar Barno ta shigo ƙasar, mutane suka gudu suka hau Bagazam, Barebari suka kafa sansani a ƙasa suka tsare hanyoyi, suna jiran yunwa ta sauko musu da su. Zama ya yi tsawo, abinci ya kusa ƙarewa a sama. Sai na sama suka tattara ɗan hatsin da ya rage suka ɗura wa raƙumi, suka kora shi ƙasa. Da Barebari suka yanka suka ga tumbi cike da hatsi, sai suka ce mutanen da ke ba dabba tsaba ba yunwa ce za ta kama su ba, suka tashi. An ce Azbinawa suka bi bayansu har rijiyar Ashegur, can cikin hamada ta wajen gabas, suka fatattake su.

Mu dai a ganinmu zancen raƙumin nan ado ne na masu ba da labari, don ana ba da irinsa game da garuruwa da yawa a duniya da aka taɓa yi wa zobe. Abin da hankali zai kama shi ne, mai doki ba ya hawa tsagin da mutum goma da duwatsu a hannu za su iya tsarewa, kuma doki kullum sai ya sha ruwa. Na sama na da idon ruwa, na ƙasa na tonon rairayi. Wa zai riga gajiya? Ku mutanen Gaya da Ajingi ba sai an yi muku dogon bayani ba. Tun da Malam Hamza ya bar Tsakuwa wajen 1846 saboda rigimar kuɗin ƙasa ya shige duwatsun Ningi, shekara hamsin da ɗoriya Kano da Bauci suna fama, ba su murƙushe Ningi ba. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1883, ya sha fita da kansa, ya ƙarfafa garuruwan ribaɗi irin su Takai, amma dawakin Kano a fili suke da ƙarfi. Duwatsun Ningi kuwa ko kusa ba su kai Bagazam ba.

Abin da ya tabbata a wurin masana tarihi shi ne, daga tsakiyar ƙarni na 18 cinikin gishirin Balma ya fita daga hannun Barno ya koma hannun Azbinawa. A nan tambayar mutumin Ajingi ta shigo. Balma tana can gabas da Azbin, a ƙasar Kawar, tsakaninsu akwai hamadar Tenere mai kilomita 500 da wani abu. A gindin Bagazam ta gabas, wajen Tabalot, a nan babban ayarin gishiri ya saba taruwa a watan Oktoba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina. Kowa ya ɗaure damman ciyawa, domin a Tenere babu ko tsinke. Ana ajiye waɗansu a hanya saboda dawowa. In an tashi da hantsi ba a tsayawa sai dare ya raba, ana tafe ana dama furar gero da cuku da dabino ana miƙa wa juna. Jagoran ayarin, ka san me suke kiransa da bakinsu? Madugu. Kalmarmu ce suka ara.

A Fashi da Balma sai su ba da geron da suka saya a ƙasar Hausa, su karɓi gishiri da dabino. Kantun nan da kake gani, a cikin kututturen dabino da aka rarake ake zuba shi ya ɗauki siffarsa. A naɗe shi da tabarmar kaba, raƙumi ya ɗauki huɗu zuwa shida. In sun dawo Azbin suka huta kaɗan sai su yiwo kudu, su yi rani a ƙasar Damagaram da Katsina da Kano, raƙuma na cin kara suna bar wa manomi taki, su kuma suna sayar da gishiri suna sayen gero da baƙin rawani na Kura. Kafin ruwa ya sauka sun koma gida.

Da irin wannan ayari Baturen nan Bajamushe, Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso ƙasarmu. Ya shigo Azbin daga Tarabulus a 1850, ya zauna a hannun Annur, wani babba na ƙabilar Kel Ewai, ya ziyarci Agadas a watan Oktoba, sa'an nan a Disamba ya biyo ayarin gishiri ta gindin Bagazam. Ya ga dutsen, ya rubuta labarinsa, amma bai hau ba. Ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu 1851. A lissafinsa ayarin da ya biyo yana ɗauke da kayan raƙumi kamar 3,000, kuma kashi ɗaya cikin uku a ƙasar Kano za a sayar. Ya kuma lura cewa mutanen Azbin suna jin Hausa ƙwarai.

Sai maganar gyaran da muka ce za mu yi. Dutse yana tsare mutum daga mai doki da mashi, amma mutanen Bagazam ba a kan dutse kaɗai suke ci ba. Lambu ba ya ciyar da su shekara, sai da geron kudu, geron kuwa sai da raƙumi da hanya. Wanda ya riƙe rijiyoyi da kasuwa ya riƙe dutsen ko bai taka shi ba. Abin da Faransawa suka yi ke nan. Sun kafa bariki a Agadas a farkon ƙarni na 20. A watan Disamba 1916 Kawusan ya zo da bindigogi da igwa da ya samo ta hannun 'yan Sanusiyya na Libiya, ya haɗa kai da Sarkin Agadas Tagama, suka yi wa barikin zobe har ran 3 ga Maris 1917. Sojan da suka zo ceto, waɗansunsu ta jirgin ruwa aka kawo su Ikko, suka hau jirgin ƙasa zuwa Kano da yardar Ingilishi, daga nan suka yi arewa. Watau dogon da ya iso Kano a 1911, wanda ya yi suna da ɗaukar gyaɗa, shi ya ɗauko sojan da suka karya Azbin.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. An kashe malamai a Agadas, an ƙwace raƙuma, an tashi ƙauyuka da yawa na cikin duwatsu aka tilasta wa mutane komawa kusa da bariki inda za a sa musu ido. Da yawa suka gudo ƙasar Kano da Katsina, jikokinsu na nan tare da mu. An rataye Kawusan a Murzuk a 1919, Tagama kuma ya mutu a kurkukun Faransawa a 1920.

A cikin wannan shekara ta 1920 ne wani Bature ɗan Sikotilan, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano da raƙuma, aikinsa tara tsuntsaye da namun daji saboda wani gidan ajiye kayan tarihi a Ingila. Ya tarar da yawancin ƙauyukan Azbin kango, amma a kan Bagazam ya sami mutane a gidajensu da lambunansu. Ya hau da izinin Faransawa, ba wanda ya tare shi, ya yi kwanaki yana farautar ragon dutse. To ka ji inda maganar baƙonka ta tsaya: ba mu da labarin rundunar sarakunan da da ta hau ta ci su, amma sun shiga hannun Nasara kamar kowa. Buchanan ɗin ya sake dawowa a 1922 ya bi ayarin Balma daga Tabalot, ya ce raƙuma kamar 7,000 ne suka tashi. Kafin yaƙin Kawusan kuwa an taɓa ƙidaya wajen 20,000 a ayari guda.

Da zaman lafiya ya samu sai munin hanyar ya juye ya zama kaya a wuyan masu ita. Duk manomin da ya taɓa ganin tumatirinsa na ruɓewa a bakin gona don mota ta ƙi shigowa da damina ya san wannan ciwo. Bayan farin 1973 da na 1984, da dabbobi suka mutu, mutanen Azbin da yawa suka koma lambu gadan-gadan, ana jan ruwa da sa ko raƙumi, daga baya injin ban ruwa ya shigo. Albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa suka zama abin sayarwa, manyan motoci na ɗauka daga Tabalot zuwa Agadas, har ƙasashen bakin teku. Amma har ƙarshen ƙarni na 20 duk buhun da aka noma a saman Bagazam a bayan jaki yake sauka, ta tsagin nan da ya gagari Barno. Na ƙasa ya loda a bakin lambunsa, na sama sai ya biya mai jaki tukuna, alhali farashi ɗaya za a saya. Mara lafiya da mace mai naƙuda ma hanyar ke nan.

Sa'an nan ga rikici. An yi tawayen Azbinawa daga 1990 zuwa sulhun watan Afrilu 1995, aka sake wani daga 2007 zuwa 2009, wanda a cikinsa aka binne nakiyoyi a hanyoyin mota na cikin duwatsu. Masu lambu suka rasa hanyar kasuwa, Turawa masu yawon buɗe ido da kan ɗauki 'yan jagora da jakuna su hau dutsen da hunturu su ma suka ɗauke ƙafa.

Shi kuwa kantu, malam na Ajingi, ayarin raƙumi bai mutu ba, sai dai ya ragu ƙwarai, motoci sun karɓe kaso mai yawa na dakonsa daga Balma zuwa Agadas. Daga can yake gangarowa ta Tanut da Damagaram, ya ratso iyaka, ka same shi ran Alhamis a Maigatari. In ka ga wanda aka naɗe da tabarmar kaba, gefensa ya goge saboda igiya, to akwai alamar wannan a bayan raƙumi ya ƙetare Tenere.